Yadda Muka Auna Hujjojin Bincike Kafin Mu Rubuta Ƙa'idojin Motar Agajin Gaggawa

Lokacin da asibitinmu ya samu sababbin motocin ɗaukar marasa lafiya, sai hukuma ta kafa kwamitin da zai rubuta ƙa'idojin aikin ma'aikatan da za su riƙa fita da su, aka kuma naɗa ni sakatare saboda na daɗe ina aikin jinya a sashen haɗari da gaggawa, ina kuma koyar da ɗalibai. A zaman farko aka ajiye mana doguwar takarda mai ɗauke da jerin kayan da ake son saye, akasarinsu an kwafo su ne daga kundin tallan kamfanonin ƙasashen waje. Shugaban kwamitin, wanda dattijon likitan tiyata ne da ba ya son yawan magana, ya karanta jerin har ƙarshe, sannan ya miƙo mini ya ce, "Malam, kowane abu da ke cikin takardar nan ka nemo mana shaidar cewa yana hana mutuwa ko yana rage nakasa. Wanda ka samo wa shaida mu saya, wanda ba ka samo wa ba mu zauna mu tattauna a kansa."

Abin da na fara yi shi ne mayar da kowane kaya da kowace al'adar aiki zuwa tambaya. Bai wadatar a ce shin ƙarin ruwa yana da amfani ba. Wajibi ne a fayyace wane irin mara lafiya ake magana a kansa, me aka yi masa, da me aka kwatanta abin da aka yi masa, kuma wane sakamako aka auna daga ƙarshe. Da waɗannan tambayoyi na shiga PubMed, rumbun rubuce-rubucen likitanci da kowa ke iya bincikawa kyauta ta intanet, da kuma taskar Cochrane wadda ke tattara gwaje-gwaje da yawa a kan batu guda ta tace su. Duk maƙalar da na buɗe nakan fara da sashen da ya bayyana yadda aka gudanar da binciken kafin in leƙa sakamako, domin a wannan fanni lissafi yana saurin yaudarar mai karatu. Wanda ya fi jin jiki shi ake yi wa allurai da yawa a hanya, shi ne kuma ya fi kusa da mutuwa tun asali, saboda haka idan aka kwatanta tsofaffin fayiloli kawai sai a ga kamar maganin ne ke kisa. Hanyar da ta fi kauce wa wannan tarko ita ce a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa waɗannan abu kaza, a yi wa waɗancan wani daban, sannan a ƙirga.

Irin wannan gwaji yana da wuyar yi a bakin titi. Mutumin da zuciyarsa ta tsaya ba zai iya sa hannu a takardar amincewa ba, danginsa kuma suna cikin ruɗewa, ga shi mintoci kaɗan ne a hannun ma'aikaci. Wannan ne ya sa, ko da yake tun 1966 likita Frank Pantridge ya fara fitar da motar jinyar zuciya zuwa gidajen mutane a birnin Belfast, manyan gwaje-gwajen da suka auna abubuwan da ake yi a cikin motar sai bayan shekaru da dama suka fara fitowa. Ƙasashen da suka yi su sai da suka kafa dokoki na musamman da suka halatta sa mutum a bincike ba da izininsa ba a halin gaggawa, bisa sharaɗin sa idon kwamitin ɗa'a da sanar da jama'ar yankin tun da wuri. Mu da ke Arewa, waɗanda ba mu manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, mun san nauyin wannan sharaɗi.

Na fara da allurar adirenalin, domin babu mai jayayya a kanta a cikin kwamitin. Fiye da shekara hamsin ana yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya ita, alhali tushen hujjarta gwajin dabbobi ne. Sai a 2018 aka wallafa binciken PARAMEDIC2 wanda Farfesa Gavin Perkins na Jami'ar Warwick ya jagoranta tare da hukumomin motocin agaji guda biyar a Ingila da Wales. An ba ma'aikata sirinji masu kama ɗaya, wasu da adirenalin, wasu da ruwan gishiri zalla, babu wanda ya san abin da ke cikin na hannunsa, kuma an tanadi wani awarwaro na ƙarfe da duk wanda ba ya son a sa shi a gwajin zai iya nema ya riƙa sawa. Mutum 8,014 aka yi wa. Cikin waɗanda suka samu adirenalin, zuciyar kashi 36.3 cikin ɗari ta dawo da bugawa kafin a kai asibiti, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 11.7 ne kawai. Amma bayan kwana talatin, waɗanda suke raye kashi 3.2 ne a ɓangaren farko, kashi 2.4 a na biyu. Waɗanda aka sallama da ƙwaƙwalwa lafiya kuwa kashi 2.2 ne da kashi 1.9, tazarar da ba ta kai a ce tabbatacciya ba ce a ma'aunin lissafi. Cikin waɗanda suka rayu, kashi 31 na masu adirenalin sun fita da mummunan lahani a ƙwaƙwalwa, a kan kashi 17.8 na sauran.

Da na karanta wa kwamiti waɗannan alƙaluma, sai muhawara ta kaure. Wani matashin likita ya tsaya a kan cewa allurar da ta ninka dawowar bugun zuciya har sau uku ba abar tuhuma ba ce. Babbar jami'ar jinyarmu ta dube shi ta ce, "Likita, idan zuciya ta dawo amma mutum bai dawo ba, wa zai zauna da shi, kuma a wane gado?" Tambayar ta shige ni, domin waɗancan 'yan kaɗan da suka rayu a Ingila sun rayu ne da taimakon ɗakunan kulawa ta musamman masu injin numfashi, abin da mu ke da ƙarancinsa ƙwarai. A ra'ayina rai rai ne, kuma ƙarin mutum takwas cikin dubu ba abin rainawa ba ne, amma bai dace mu riƙa ƙirga dawowar bugun zuciya a matsayin nasara a rahotanninmu ba, balle mu sa wa dangi rai da ita. Mun bar adirenalin a cikin jaka, domin ƙa'idojin duniya ba su cire ta ba, ba ta da tsada, kuma ana buƙatarta ruwa a jallo ga wanda jikinsa ya yi mummunan bore ga magani ko harbin ƙwaro. Sai dai mun rubuta ta a bayan danna ƙirji da na'urar girgiza zuciya da lantarki, waɗanda su ne hujjarsu ta fi ƙarfi.

Batun hanyar numfashi bai ja mu da nisa ba. Binciken AIRWAYS-2, shi ma na 2018 a Ingila, ya kwatanta zura robar numfashi cikin maƙogwaro, aikin da ke buƙatar gwaninta da yawan maimaitawa, da wata na'ura mai sauƙi da ake turawa ta baki ta zauna a saman maƙogwaron. Cikin mutum 9,296, masu kyakkyawan sakamako kashi 6.8 ne da ta farko, kashi 6.4 da ta biyu, wato babu bambancin a zo a gani. Muka zaɓi mai sauƙin. Haka injin danna ƙirji mai suna LUCAS, wanda yana cikin kaya mafi tsada a jerin namu: gwajin da aka wallafa a 2015 a kan mutum 4,471 ya nuna kashi 6 sun rayu da injin, kashi 7 da hannun ma'aikata. Muka soke shi.

Binciken da ya fi faɗaɗa mini tunani shi ne OPALS, wanda Dakta Ian Stiell ya jagoranta a garuruwa 17 na lardin Ontario a Kanada. Sun auna abin da ya faru kafin da kuma bayan an horar da ma'aikatan motoci su iya sa robar numfashi da allurai ta jijiya. Ga masu tsayawar zuciya, adadin masu rayuwa bai motsa ba, daga kashi 5.0 zuwa 5.1, kuma abin da ya fito fili shi ne amfanin wanda ke kusa ya fara danna ƙirji da saurin isowar na'urar lantarki. Ga masu munanan raunuka ma haka, kashi 81.8 da 81.1, har ma masu rayuwa cikin masu doguwar suma sun ragu daga kashi 60 zuwa kusan 51. Amma ga masu sarƙewar numfashi mace-mace sun sauka daga kashi 14.3 zuwa 12.4. Wannan ya hana ni yanke hukunci ɗaya a kan komai: ƙwarewar ma'aikaci tana ceton rai a wani ciwo, a wani kuma tsayawar da zai yi a bakin hanya yana nuna ƙwarewar ita ce ke cinye lokacin da likitan tiyata yake buƙata.

A kan zubar jini muka fi daɗewa, domin haɗarin mota da babur, da raunin harbi da sara, da zubar jinin haihuwa su ne abin da motocinmu za su fi ɗaukowa. A 1994 aka wallafa binciken da William Bickell da abokan aikinsa suka yi a birnin Houston na Amurka a kan mutum 598 da aka harba ko aka soka a ƙirji ko ciki, jininsu kuma ya yi ƙasa. Wasu an fara yi musu ƙarin ruwa tun a hanya, wasu an jinkirta sai a ɗakin tiyata. Kashi 62 suka rayu cikin na farko, kashi 70 cikin waɗanda aka jinkirta wa. Bayanin yana da sauƙin fahimta: idan aka ɗura ruwa da yawa kafin a toshe inda jini ke fita, ƙarfin bugun jini zai tashi ya ɓalle gudan jinin da ya fara toshe raunin, ruwan ya tsinka sinadaran da ke daskarar da jini, ya kuma sanyaya jiki. Kamar mai ƙara wa fasasshiyar randa ruwa ne bai liƙe ta ba.

Wani ma'aikacin jinya da ya daɗe yana raka marasa lafiya a mota ya ɗaga hannu ya ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, maganar gaskiya ita ce, idan muka ɗauko mutum ba mu rataya masa ledar ruwa ba, 'yan'uwansa cewa za su yi ba mu yi masa komai ba." Gaskiya ya faɗa, kuma babu maƙalar da ta tanadi amsarsa. Abin da muka daidaita a kai shi ne a sa allurar jijiya mota tana tafiya, kada a tsaya dominta, kuma muddin ana jin bugun jini a wuyan hannu kada a saki ruwa. Idan ya ɓace a ba da mililita 250 a sake dubawa, kamar yadda hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin jinya a Birtaniya ta tsara tun 2004. Mai raunin kai muka ware masa ƙa'ida daban, domin shi faɗuwar ƙarfin jini illa ce babba ga ƙwaƙwalwarsa. Muka kuma rubuta 'yan jimloli da ma'aikaci zai faɗa wa dangi don su gane cewa rashin sakin ruwan kulawa ce, ba sakaci ba.

Maɗaurin tsai da jini a hannu ko ƙafa, wanda a da ake koyar da cewa sai an rasa yadda za a yi ake sa shi don gudun rasa gaɓa, yaƙin Iraƙi ne ya dawo da martabarsa. A wani asibitin soja a Bagadaza, John Kragh ya bi sawun mutum 232 da aka ɗaura wa, ya tarar cewa kashi 90 na waɗanda aka ɗaura wa kafin jikinsu ya rushe da rashin jini sun rayu, waɗanda aka makara kuwa kashi 10 ne kawai. Ba gwajin ƙuri'a ba ne, amma tazarar ta yi faɗin da ba za a kau da kai daga gare ta ba.

Hujja mafi ƙarfi da na ci karo da ita a duk aikin tana kan magani mai arha da ake kira tranexamic acid, wanda ke hana gudan jini narkewa. Gwajin CRASH-2 na 2010 ya ƙunshi masu rauni 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, kuma asibitocin Najeriya suna ciki, abin da ya sa na karanta shi da wata natsuwa ta daban, domin a karon farko ina ganin alƙaluman da mutanenmu ke cikinsu. Mace-mace sun sauka daga kashi 16.0 zuwa 14.5. Da aka sake tace sakamakon sai aka ga lokaci ne ƙashin bayan maganar: wanda aka yi wa cikin awa ɗaya, mutuwa ta zubar jini ta sauka daga kashi 7.7 zuwa 5.3, wanda ya wuce awa uku kuwa maganin bai amfane shi ba, har alamar cutarwa aka gani. Gwajin WOMAN na 2017 a kan mata 20,060 masu zubar jini bayan haihuwa, wanda Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi ba da mahalarta, ya nuna irin wannan amfani da irin wannan iyaka ta awa uku. Duka biyun a cikin asibiti aka yi su. Wanda aka yi a cikin mota, wato PATCH-Trauma na 2023 a Ostireliya da New Zealand da Jamus, ya samu raguwar mutuwa a kwana 28 daga kashi 21.8 zuwa 17.3, amma bayan wata shida adadin masu kyakkyawar rayuwa ya zo daidai a ɓangarorin biyu. Na gabatar da duka ukun ba tare da ɓoye na ƙarshen ba, kwamiti kuma ya amince a sa maganin a mota, domin a wurinmu mai rauni yakan cinye awa ukun nan tun bai ga ƙofar asibiti ba.

Allon kwantar da mai rauni da maɗaurin wuya mai tauri, waɗanda kowa ke gani a talabijin har suka zama alamar aikin ƙwararru, Cochrane ba ta samo gwajin ƙuri'a ko ɗaya da ya auna su a kan masu rauni ba. Wani nazari na 1998 ya kwatanta masu raunin ƙashin baya a Maleshiya, inda ba a ɗaure su, da na jihar New Mexico, inda ake ɗaure kowa, bai ga fifikon ɗaurewar ba. Wani na 2010 a Amurka ya ga mace-mace sun ninka ga waɗanda aka harba ko aka soka idan an tsaya ɗaure su, kashi 14.7 a kan 7.2. Muka rubuta cewa a ɗaga mutum a miƙe da hannuwa da yawa, a tallafe kansa, kada a bar shi a kan allo tsawon tafiya, wanda aka harba kuma kada a ɓata lokaci a kan wuyansa.

Da na tattara duk abin da na karanta, sai wani giɓi ya bayyana: kusan dukan gwaje-gwajen nan an yi su ne a biranen da mota ke isowa cikin mintoci. Ko maganar da ta shahara cewa awar farko ita ce ke raba rayuwa da mutuwa, wadda ake dangantawa da likita R Adams Cowley na Baltimore, wani bita na 2001 bai samo binciken da aka gina ta a kai ba, kuma nazarin 2010 a kan mutum 3,656 a Amurka da Kanada bai ga alaƙa tsakanin tsawon mintoci da mutuwa ba. Amma wannan magana ce ta mintoci a tsakanin mutanen da akasarinsu sun isa da wuri, ba ta shafi wanda aka ɗauko daga ƙauye a bayan a-kori-kura ba. Aikin Charles Mock ne ya fi kusa da halinmu. A 1998 ya kwatanta masu munanan raunuka a Kumasi ta Gana, da Monterrey ta Meziko, da Seattle ta Amurka: kashi 63 suka mutu a Kumasi, 55 a Monterrey, 35 a Seattle, kuma waɗanda suka mutu tun kafin asibiti kashi 51 ne, da 40, da 21. Daga nan shi da abokan aikinsa suka koya wa direbobin haya 335 agajin farko a Gana, kuma cikin 71 da aka sake ji daga bakinsu, masu tsai da jini sun tashi daga kashi 4 zuwa 42, ko da yake wannan faɗarsu ce, ba a auna rayukan da aka ceta ba. A arewacin Iraƙi da Kambodiya kuwa, inda nakiyoyi ke tashi da manoma kuma tafiya asibiti takan ci sa'o'i, likita Hans Husum na Norway ya horar da ma'aikata 135 da mutanen ƙauye 5,200, mace-mace suka sauka daga kashi 40 zuwa kusan 15 tsakanin 1997 da 2001. Kwatancin kafin da bayan ne, mai rauni a ma'aunin bincike, amma shi ne ya yi kama da hanyoyinmu.

Saboda haka na roƙi kwamiti a karkatar da kuɗin injin da muka soke zuwa horar da waɗanda ke riga mu isa wurin haɗari, aka kuwa amince. Na je tasha na sami shugaban direbobi, ya saurare ni har na gama sannan ya ce, "Malam, koyon ba shi ne damuwarmu ba. Damuwarmu mu kai mutum don Allah a riƙe mu ana tambayoyi har dare." Na yi masa bayanin dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 wadda ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, da dokar 2017 wadda ta wajabta jinyar wanda aka harba ko da babu takardar 'yan sanda, na kuma kai kokensa gaban hukumarmu aka rubuta cewa wanda ya kawo mai rauni ba za a tsare shi a sashenmu ba. Horon a kan tabarma muka yi shi a ƙarƙashin rumfar tasha. Wani ɗan acaɓa ya kwanta kamar sumamme, abokansa suka koyi juya shi ta gefe don kada harshe ko amai ya toshe masa numfashi, suka naɗe tsumma mai tsabta suka danne cinyarsa da dukan nauyinsu, suka tallafe ƙafa da kwali da ɗankwali, suka lulluɓe shi da bargo domin mai zubar jini yana yin sanyi ko da rana ake ƙwallawa. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne shawo kansu su daina ɗura wa sumamme ruwa a baki.

A ƙa'idojin da muka miƙa wa hukuma, kowace doka tana da alama a gefenta da ke nuna ko gwajin ƙuri'a ne ya tsaya mata, ko nazarin lura, ko kuwa ittifaƙin kwamiti kawai, kuma alamar ƙarshen nan ta fi sauran yawa. Mun haɗa da fom mai shafi ɗaya da za a cika a kowace fita: lokacin da abin ya faru, lokacin kira, lokacin isa, lokacin sauke mara lafiya, abin da aka yi masa a hanya, wanda ya fara taimakonsa, da lambar wayar ɗan'uwansa domin a kira bayan kwana talatin a ji ko yana raye kuma ko ya koma sana'arsa. Gurbin lokacin da abin ya faru shi ya fi wuyar cikawa, domin sau da yawa amsar da ake samu ita ce bayan la'asar ko gab da magariba, don haka muka liƙa jadawalin lokutan salla a bayan fom ɗin ana mayar da amsar zuwa agogo. Kwamitin zai zauna duk shekara ya sake buɗe dokokin da alƙaluman da suka taru, kuma wadda aka sa a gaba ita ce ta ƙarin ruwa ga mai zubar jini da ke da tafiyar fiye da awa biyu a gabansa.